Babi na Bakwai: Matuƙin da Ya Ɓata Hanya a Sama

Gab da tsakar ranar Laraba, 11 ga Mayu, 2005, 'yan sanda suka bi ɗakunan Majalisar Dokokin Amurka a birnin Washington suna ihu kowa ya fita a guje. Sanatoci da ma'aikata da masu ziyara suka ɓarke waje, wasu mata ma sai da suka tuɓe takalma don su iya gudu. An kwashe mutane daga Fadar White House da Kotun Ƙoli, aka garzaya da uwargidan shugaban ƙasa, Laura Bush, wurin tsaro. Abin da ya tayar da wannan ƙura wani ɗan ƙaramin jirgi ne ƙirar Cessna 150, mai kujera biyu, wanda nauyinsa har da mai da mutanen ciki bai wuce kilo 730 ba. Mutum biyu ne a cikinsa, wani dattijon matuƙi da wani ɗalibi mai koyon tuƙi, sun taso daga Smoketown a jihar Pennsylvania za su kallon bikin nunin jirage a Lumberton ta jihar North Carolina. Jiragen yaƙi biyu ƙirar F-16 da jirgi mai saukar ungulu suka tare su, aka harba tartsatsin wutar gargaɗi a gabansu, kuma sai da suka zo kimanin kilomita biyar daga Fadar kafin suka juya, aka raka su filin jirgin Frederick a jihar Maryland. Da aka bincike su ba a sami makami ba, ba a kuma ga alamar mugun nufi ba. Hanya ce ta ɓace musu. Aka sake su ba tare da tuhuma ba, sai dai Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Amurka, wato FAA, ta ƙwace lasisin dattijon.

Da wannan ne kaɗai, da sai a ce tsautsayi ne a wuce wurin. Amma a watan Yuli na wannan shekarar, ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Amurka ya fitar da rahoto cewa daga 12 ga Satumba, 2001 zuwa ƙarshen 2004 an keta haramtaccen sararin samaniyar ƙasar kusan sau 3,400, kuma kimanin kashi 88 cikin ɗari na masu ketawar matuƙan jiragen da ba na kamfanonin jigila ba ne, ba kuma na soja ba. Wato a tsaka-tsaki kusan sau uku kowace rana. Waɗannan mutane ne da suka kashe kuɗi da shekaru kafin su sami lasisi, sun san jirgin yaƙi zai iya tare su, sun san lasisin zai iya tafiya a rana ɗaya, babu kuma ribar da za su samu da shiga inda aka hana. Idan mutane irin waɗannan suka riƙa faɗawa cikin kuskure iri ɗaya sau dubbai, ya zama dole a dubi yadda aka shata iyakar da yadda ake sanar da ita. Hujjar wannan babi ita ce, keta sararin samaniya ba da gangan ba haɗari ne na gaske, amma abin da ke rage shi shi ne iyaka mai sauƙin ganewa, sanarwa mai sauƙin karantawa, da tsarin da ke sa wanda ya yi kuskure ya faɗi gaskiya. Tsananta hukunci da nuna makami suna kwantar da hankalin jama'a na 'yan kwanaki, matsalar kuma tana nan inda take.

Sai an fahimci yanayin aikin sannan a yi wa matuƙin adalci. A sama babu shinge, babu allon gargaɗi, babu mai tsayar da kai ya ce ka iso iyaka. Sararin da aka keɓe wa babban filin jirgi ma ba katanga ba ce miƙaƙƙiya daga ƙasa zuwa sama. Kusa da filin yana farawa ne daga doron ƙasa, idan aka yi nisa kaɗan sai ya fara daga wani tsayi, idan aka ƙara nisa ya fara daga tsayin da ya fi wancan, hawa-hawa. Ƙaramin jirgi yana da izinin wucewa ta ƙarƙashin waɗannan hawa, saboda haka wurin da yake halal a ƙafa 2,400 yana iya zama haram a ƙafa 2,600. Jirgi irin Cessna 172 yana tafiyar kimanin kilomita 200 a awa, fiye da kilomita uku ke nan a minti ɗaya. Matuƙin shi kaɗai ne: shi ke riƙe da jirgin, shi ke duba injin da mai, shi ke magana a rediyo, shi ke leƙen wasu jirage ta taga, shi ke karanta taswira. Minti biyu da ya yi yana lallashin fasinjan da amai ya taso wa, ko yana kauce wa hadari, ya ci kilomita shida ko bakwai. Idan iska ta karkatar da shi da digiri biyar kacal bai lura ba, bayan tafiyar kilomita 100 zai tsinci kansa kusan kilomita tara daga inda yake zato. Agogon da ke nuna masa tsayinsa kuwa da matsin iska yake aiki, idan bai sabunta saitinsa ba yayin da yanayi ya canja, zai iya nuna masa yana ƙarƙashin iyaka alhali ya riga ya shige ta da ƙafa ɗari biyu ko uku.

Wannan duk a kan iyakokin da ke zaune a taswira ne. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta yawaita haramcin wucin gadi, wanda ke bayyana yau ya ɓace gobe. Duk inda shugaban ƙasa ya je, ana zagaye wurin da da'ira mai nisan kimanin kilomita 55 daga tsakiya, da wata ƙarama a ciki mai kimanin kilomita 18 wadda ƙananan jirage ba sa shiga sam, kuma da'irar tana binsa idan ya motsa. Akwai kuma haramcin shawagi ƙasa da ƙafa 3,000 a kusa da filin wasa mai ɗaukar mutum 30,000 ko fiye yayin wasu manyan wasanni, daga awa ɗaya kafin a fara zuwa awa ɗaya bayan an tashi, amma sanarwar hukuma ba ta jera ranakun wasannin ba, matuƙi ne zai nemo jadawalin da kansa. Hanyar isar da irin wannan labari ita ce sanarwar da ake kira NOTAM, tsarin da ya samo asali tun 1947, zamanin da ake aika saƙo ta waya ana ƙirga haruffa. Har yau yawancinta da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, cike da gajerce-gajercen kalmomi, wuri a ba da shi da jerin lambobin taswira, lokaci kuma da agogon duniya maimakon agogon gari. Sanarwar da za ta iya sa a turo maka jirgin yaƙi tana zaune a jeri ɗaya da sanarwar cewa fitilar wata hasumiya ta mutu. Ƙwararru ma tana shige musu. A watan Yuli na 2017 jirgin Air Canada ya kusa sauka a kan jirage huɗu da ke jiran tashi a San Francisco, kuma sanarwar rufe ɗaya daga cikin titunan saukar tana shafi na takwas ne cikin takarda mai shafi 27 da aka ba matuƙan. Shugaban hukumar binciken haɗurra na lokacin, Robert Sumwalt, ya fito fili ya kira waɗannan sanarwoyi tarin shara da ba wanda ke kulawa da su.

Kada a ɗauka ana cewa kuskuren ƙarami ne. Ranar Lahadi, 31 ga Agusta, 1986, da rana tsaka kuma sama garau, wani mutum ya tashi daga Torrance a jihar California da ƙaramin jirgi ƙirar Piper, tare da matarsa da 'yarsa, za su Big Bear. Yana hawa sai ya shiga sararin da aka keɓe wa filin jirgin Los Angeles ba tare da izini ba. A kimanin ƙafa 6,500, a saman unguwar Cerritos, ya yi karo da jirgin fasinja na Aeroméxico ƙirar DC-9 da ke shirin sauka. Mutum 64 da ke cikin babban jirgin suka rasu, da ukun da ke cikin ƙaramin, da wasu 15 a ƙasa inda jirgin ya faɗa kan gidaje. Rai 82 ke nan. Duk mai ganin maganar keta sararin samaniya ƙa'ida ce ta takarda kawai, wannan adadi ya ishe shi amsa.

Sai dai abin da masu bincike suka gano a Cerritos ya fi ƙarfafa hujjar da ake kafawa a nan. Ƙaramin jirgin ba shi da na'urar da ke sanar da rada tsayin da yake, kuma dokar lokacin ba ta tilasta masa ita ba muddin yana wajen keɓaɓɓen sararin. Jami'in da ke kula da babban jirgin hankalinsa ya rabu a daidai lokacin, domin wani ƙaramin jirgin daban shi ma ya kutsa yankin yana fama da shi. Hukumar binciken ta ɗora asalin dalilin haɗarin a kan gazawar tsarin kula da zirga-zirgar jirage wajen kare su daga karo, ta kuma lissafa shigar ƙaramin jirgin ba da gangan ba a matsayin abin da ya taimaka. Cikin 'yan shekaru aka tilasta wa jiragen da ke shawagi kusa da manyan filaye ɗaukar na'urar nuna tsayi, aka kuma tilasta wa jiragen fasinja na'urar da ke hango jirgin da ke gabatowa ta umarci matuƙi ya hau ko ya sauka. Gyaran ya ginu ne a kan amincewa cewa wani zai sake ɓata hanya, saboda haka a shirya yadda ɓatansa ba zai zama ajalin mutane ba.

Mai suka na farko zai ce doka a bayyane take: matuƙi ne ke da alhakin jirginsa, kuma wajibi ne ya nemi duk bayanin da ya shafi tafiyarsa kafin ya tashi. Gaskiya ne, kuma babu mai son a sassauta wannan ƙa'ida. A lamarin 2005 FAA ta ce dattijon bai shirya tafiyar yadda ya kamata ba, kuma da ya ɓata bai nemi taimako ta rediyo ba. Wannan sakaci ne, hukuncin da ya biyo baya yana da tushe. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alhakin matuƙi na karanta sanarwa bai sauke wa hukuma alhakin rubuta ta yadda za a gane ba. Tambayar wa ke da laifi tana rufe fayil ɗin mutum ɗaya, tambayar me ya sa mutum ɗari suka yi kuskure a kusurwa ɗaya ta taswira ita ce ke hana na ɗari da ɗaya faɗawa.

Mai suka na biyu ya fi nauyi, domin maganar tsaro yake yi. Zai ce jami'in da ke kallon rada ba ya ganin zuciyar matuƙi, ɗigo kawai yake gani yana nufo fadar shugaban ƙasa, kuma yana da 'yan mintoci ya yanke shawara. Wannan ma gaskiya ne, kuma daga cikinta amsar ke fitowa. Idan ɗigo dubu suka keta iyaka kuma kusan dukkansu ɓatattu ne, to kowane ɓatacce yana cinye lokaci da hankalin da ya kamata a tanada domin mai mugun nufi. Rage masu kuskure aikin tsaro ne kai tsaye. Tarihi kuma ya nuna cewa wanda ya yi niyya tsoron rasa lasisi ba ya tsayar da shi. A ranar 28 ga Mayu, 1987, Mathias Rust, Bajamushe ɗan shekara 18, ya tashi daga Helsinki da Cessna 172 ya ratsa tsaron saman Tarayyar Sobiyet ya sauka dab da Dandalin Red Square a Mosko, abin da ya ci kujerar ministan tsaro Sergei Sokolov. A watan Satumba na 1994 wani ya saci Cessna 150 ya faɗo da shi a harabar Fadar White House. A watan Afrilu na 2015 wani ma'aikacin gidan waya ya taso daga Gettysburg da ɗan mitsitsin jirgi, ya bi ƙasa-ƙasa ya sauka a filin gaban Majalisa ba wanda ya tare shi. A ɗaya gefen kuma, ranar 9 ga Yuni, 2004, an kwashe mutane daga ginin Majalisar a guje saboda jirgin da ke ɗauke da gwamnan Kentucky, Ernie Fletcher, zuwa jana'izar Ronald Reagan. Na'urar da ke sanar da rada bayanan jirgin ce ta samu matsala, matuƙan sun sanar da masu kula da zirga-zirga an kuma ba su izini, amma labarin bai isa ga jami'an tsaro ba. A ranar hukumomi ne suka kasa fahimtar juna.

Shi ya sa maganar harbi ta zama abin tsoro. Ranar 20 ga Afrilu, 2001, jirgin yaƙin ƙasar Peru, da taimakon jirgin leƙen asiri na Amurka, ya buɗe wa wani ƙaramin Cessna wuta a saman kogin Amazon bisa zaton na masu safarar ƙwaya ne. Masu wa'azin Kirista ne a ciki. Wata mata da jaririyarta 'yar wata bakwai suka mutu, matuƙin ya sauke jirgin a kan ruwa da raunin harsashi a ƙafafunsa. Wannan jirgi bai ma ɓata hanya ba, an dai yanke masa hukunci ne daga nesa, ana kiransa a zangon rediyon da ba ya saurara. Duniya ta riga ta ɗanɗana irin wannan a ranar 1 ga Satumba, 1983, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya, mutum 269 suka hallaka. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da samanta, amma a 1984 aka ƙara mata sashen da ya wajabta wa ƙasashe su guji amfani da makami a kan jirgin farar hula da ke tafiya. Ikon ƙasa na tare jirgi da tilasta masa sauka yana nan daram. Abin da aka yarda a kai shi ne ɓatan hanya ba laifin kisa ba ne.

Mai suka na uku zai ce wannan duk tsohon zance ne, yanzu kowa yana da GPS, taswira tana motsi a kan allo tana nuna maka inda kake, har ta yi ƙara idan ka kusanci iyaka. Na'urar ta taimaka ƙwarai, kuma matuƙin da ya ƙi amfani da ita a sararin da ke da cunkoso ya rage wa kansa uzuri. Amma matsalar ba ta ƙare ba. A watan Yuni na 2022 an ɗauke Shugaba Joe Biden da matarsa na ɗan lokaci daga gidansu na Rehoboth Beach saboda ƙaramin jirgi da ya shiga yankin bisa kuskure, jami'an tsaro suka ce matuƙin ba ya kan zangon rediyon da ya dace kuma bai bi sanarwa ba. A watan Maris na 2025 rundunar tsaron sama ta Arewacin Amurka ta koka da yawan masu keta haramcin da ke kewaye da gidan Shugaba Donald Trump a Palm Beach. Na'ura tana nuna abin da aka loda mata ne kawai. Idan ba a sabunta ta ba, ko haramcin ya fito bayan an tashi, ko zafin rana ya kashe allon, ko gargaɗin ya yi yawa har kunne ya saba da shi, matuƙi ya koma inda na da yake, ga kuma sakin jiki da na da ba shi da shi.

Mai suka na huɗu zai ce sassauci yana haifar da sakaci. Amsar wannan tana cikin wani haɗari na 1 ga Disamba, 1974, lokacin da jirgin TWA ya daki dutse yana shirin sauka kusa da Washington, mutum 92 suka mutu. Bincike ya nuna cewa makonni shida kafin nan matuƙan wani kamfani sun kusa faɗawa cikin wannan tarko a wuri ɗaya, sun kuma ba da rahoto, amma labarin ya tsaya a cikin kamfaninsu. Daga nan aka kafa tsarin rahoton sirri a 1976, aka damƙa shi ga hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta kowa. Matuƙin da ya kai rahoton kansa cikin kwana goma, idan kuskuren ba na ganganci ba ne, ba laifin kotu ba ne, kuma ba a same shi da wani laifi ba cikin shekara biyar da suka wuce, ana iya ɗage masa hukunci. Rahotanni fiye da miliyan ɗaya suka taru ta wannan hanya, kuma daga cikinsu ake gane inda taswira ke ruɗa mutane. Tsoron hukunci kuwa yana koya wa mutum abin da ya fi muni: wanda ya ga alamar ya ɓata sai ya yi shiru a rediyo yana fatan ba a gan shi ba, alhali kira ɗaya zai sa a nuna masa hanyar fita cikin daƙiƙu. A 2015 FAA da kanta ta sauya manufa, ta fifita ƙarin horo a kan hukunci ga mai kuskuren gaskiya da ya ba da haɗin kai.

Matakan da suka dace an riga an gwada su. Yankin tsaron Washington da aka shata a 2003 yana da lanƙwasa da kusurwoyi masu wuyar bi, a 2007 aka mai da shi da'ira guda mai nisan kimanin kilomita 55 daga tsakiya, sannan aka wajabta wa masu shawagi kusa da birnin wani gajeren kwas. An kafa fitilun laser masu walƙiya ja da kore da ake haska wa jirgin da ya shigo, don matuƙi ya gane ko da rediyonsa na wani zango. A Birtaniya, inda ake samun irin wannan keta fiye da dubu a shekara, ana koya wa matuƙa su bar tazarar mil biyu a gefe da ƙafa 200 a sama ko ƙasa tsakaninsu da iyaka. Akwai kuma lambar da matuƙi zai saka a na'urarsa wadda ke gaya wa jami'in rada cewa yana sauraren zangonsa, ta yadda jami'in zai kira shi tun kafin ya ƙetare. Wanda ya keta kuma sau da yawa kwas ake tura shi kafin a yi maganar lasisi.

Hukunci yana da gurbinsa, kuma gurbin a fili yake: wanda ya tashi bai duba komai ba, wanda ya kashe na'urarsa don kada a gan shi, wanda aka gargaɗa ya maimaita, wanda ya yi ƙarya bayan ya sauka. Waɗannan ganganci suka yi, kuma barinsu cin amanar sauran matuƙa ne. Wanda ya shirya, ya yi kuskure, ya kira, ya faɗi gaskiya, shi ne mafi amfanin shaida da hukuma za ta samu. Darasin ya shafi kowace ƙasa da ke horar da matuƙa, har da Nijeriya, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya take yaye ɗalibai a kan ƙananan jirage tun bayan kafa ta a 1964, inda hazon hunturu ke ɓoye alamomin ƙasa da mai tuƙi da ido ya dogara da su, inda kuma matsalar tsaro ke sa a haramta shawagi a wani yanki, kamar yadda aka yi wa Zamfara a 2021. Duk hukumar da za ta shata iyaka a sama, wajibi ne ta zana ta yadda mutum ɗaya mai aiki biyar a lokaci guda zai iya bin ta, ta sanar da ita da harshen da za a gane a karatu ɗaya, ta tabbatar jami'an rada da na soja suna jin juna, sannan ta buɗe ƙofar da mai kuskure zai shigo ya yi bayani ba tare da fargaba ba. Idan ta cika waɗannan, tana da bakin hukunta wanda ya keta.